Ina Raye An Yi Wa Gidana Kuɗi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu saurare.

Ni ɗan kasuwar fata ne a Jakara. Ban gaji ko allura ba, da ikon Allah da gumina na gina gidaje uku. Bara babban ɗana ya rasu ya bar yara huɗu. Malamin unguwarmu ya ce jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado, amma ina iya yi musu wasiyya, muddin ba ta wuce sulusi ba.

Ranar Juma'a na tara 'ya'yana biyu da suka rage a soro, na ce zan rubuta wa marayun gidan da suke ciki. Babbansu ya gyara hula ya ce, "Baba, abin da Allah bai ba su ba, kai za ka ba su?" Mutumin da sai an tashe shi sallar Asuba, yau shi ne mai fatawa! Ƙaramin kuwa cewa ya yi, "Ai gidan ya fi sulusi, na sa dillali ya yi masa kuɗi." Ina raye, ina taunar gorona! Tir da wannan hali.

Malam, a tambayar mini malamai: in na ba marayun gidan kyauta tun yanzu, gaban shaidu, na damƙa takardu, akwai mai iya ƙwacewa bayan raina? Don waɗannan biyun, ko akuya ba zan bar musu amanarta ba.