Gonar Basiru

A tashar motar Ɗambatta, Tahira, ɗalibar jami'a mai binciken yadda matasa ke barin karkara, ta tsuguna da takardar tambayoyinta gaban wani dattijo da ke jiran motar Kano ta cika.

"Baba, a gidanka akwai wanda ya yi ƙaura?"

"Babu. Ɗana Basiru ne dai ya tafi cin rani Libiya."

"Yaushe?"

"Bana damina tara ke nan."

"Ai Baba, a takardarmu, duk wanda ya shekara a waje ya yi ƙaura."

"Takardarku ba ta san gonarsa ba. Duk shekara ni nake shuka masa gero, in nome, in zuba a rumbunsa daban. Wanda ake shuka wa gona bai bar gari ba."

"Yana bugo waya?"

"Da can yana bugowa."

Tahira ta dakata da rubutu.

"To geron, wa yake ci?"

"In sabo ya shigo, uwarsa takan yi masa sadaka da tsohon."

"Sadaka, Baba?"

Dattijon ya juya yana kallon motar.

"Yarinya, cin rani na ce miki. Rubuta cin rani."