Mushen Inji a Kan Katifa

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙunmu, da fatan kana lafiya.

Ina da injin niƙa mai shan gas a Dingaya, wanda mahaifina ya saya shekarar da aka samu mulkin kai. Bana ya fara baƙin hayaƙi, kuma sai na gaji da juya hannu kafin ya tashi. Mata har sun fara kai dawarsu Gwaram.

Na kira wani bakanike, Malam Sule, daga Birnin Kudu. Ko murfi bai buɗe ba, ya kasa kunne kawai ya ce, "Malam Garba, wannan ya mutu, gyara ɓarnar lokaci ne. Yanzu ƙasa ta yi arziki, kowa sabo yake saye. Ni zan rabu da kai da tsohon, in kai wa maƙera su yi fartanya."

Na ce zan yi shawara. Ranar kasuwa sai ga shi da a-kori-kura, tun ban amsa ba. Da na leƙa bayan motar, na ga ya shimfiɗa katifa, har da bargo. Na tambaye shi na mene ne, ya ce, "Hanya ba kyau, kada ya bugu."

Nan take na sa kwaɗo a ɗakin injin.

Masu sauraro ku ba ni shawara: in gyara ko in sayi sabo? Kuma a gaya mini, tun yaushe ake shimfiɗa wa abin da za a yi fartanya da shi katifa?

Naku, Garba mai niƙa.