Lafiya Lau Ɗin da Ya Kusa Raba Ni da Ɗakina

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya ba ni wurin sa haƙarƙarina. Sunana Rifkatu. Mama Saratu ce ta ce in rubuta wannan a takardar zumuntarmu, don in na tsaya a gabanku muryata rawa take yi. Sai ku yi haƙuri.

Da na gama sakandare a Bauchi aka kawo ni London in yi wa wasu mutane reno. Abin da ya faru a gidan nan ba zan faɗa ba, na bar wa Allah. Ranar da na fita, jaka ɗaya ce a hannuna. Wata huɗu ina kwana duk inda na samu. Da rana in shiga laburare in raɓe kusa da hita mai ɗumama ɗaki, in buɗe littafi kamar mai karatu. Wayyo, sanyin nan! Har yau ina jin sa a ƙashina.

Mama Saratu, nas ce a asibitin unguwar Whitechapel, ta ji ina rera waƙar coci da Hausa ƙasa-ƙasa a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ita ta yi ta zirga-zirga zuwa ofishin ƙaramar hukuma har aka ba ni ɗaki a wani gida a unguwar Deptford. Gidan na matan da suka rasa wurin kwana ne, waɗanda hankalinsu bai kwanta ba tukuna. Kowace da ɗakinta da makullinta, da ma'aikaciyar da ke duba ta duk Talata. Tawa sunanta Carol.

To, ga kuskurena. Carol takan zo da fayil, tun tana tsaye ta tambaye ni yaya nake, ya barci, ya cin abinci. Ni kuwa amsa ɗaya: lafiya lau. Me zan ce? Babba ta gaishe ki a bakin ƙofa, sai ki buɗe baki ki ce ba ki yi barci ba? A gidanmu ko mutum yana kwance rai a hannun Allah, in an ce ya jiki, "da sauƙi" zai ce. Magana sai an zauna, an sha ruwa, an sake gaisawa. Ina jiran Carol ta sake tambaya, ashe ita ta riga ta rubuta.

Alhali da kujera nake tokare ƙofa. In aka danna ƙararrawar ƙofa sai in ɓuya a banɗaki. Kasuwa tana nan kusa, ga doya ga manja, amma ba na iya zuwa ni kaɗai.

Wata Talata Carol ta shigo tana murmushi. Ta ce rahotona kullum mai kyau ne, an ga na warware, za a ba wata ɗakina, ni kuma a mayar da ni hostel, gidan kwanan jama'a inda ba mai duba kowa. Ta ce, "Kin ji daɗi?" Na ce na gode. Ku ji fa! Har da godiya!

Tana fita na durƙusa da makullin a hannuna, ina kuka. Na ce, "Yesu, kai ka san ba lafiya ba. Kada ka bari a karɓe ɗakin nan." Sai na ji a zuciyata ƙarara: ni na sani, ita fa?

Na ɗauki katin waya na fita zuwa akwatin tarho na bakin titi, na kira Mama Saratu.

Washegari ta zo da kayan aikinta a jiki, ta sa aka kira Carol. Ta dube ni ta ce, "Ke Rifkatu! Wata bakwai kina gaisawa da fayil? 'Yata, mutanen nan sau ɗaya suke tambaya." Ta karɓe fayil ɗin ta ajiye a kan gado, ta zaunar da Carol, ta haɗa mana shayi. Sai da muka sha rabi ta ce mata, "Yanzu sake tambayarta."

Ta tambaya. Na faɗa mata komai, har da kujerar. Idon Carol ya kawo ruwa. Ta ce ai ta sha ganin kujerar, ta ɗauka ba ni da wurin ajiye ta ne. Ranar ta sake rubuta rahoton, kuma aka bar mini ɗakina. Halleluya!

Ban warke duka ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina ganin likita, ƙararrawa har yanzu tana faɗar mini da gaba. Amma ran Asabar na je kasuwa ni kaɗai na sayo kuɓewa. Kujerar tana nan kusa da ƙofa, sai dai yanzu kot nake rataye mata. In Carol ta zo na ce lafiya lau, sai ta zauna, ta miƙo kofi ta ce, "Na ji ta tsaye, saura ta zaune."

Na gode wa Ubangiji. Ke da kike cewa lafiya lau alhali cikinki yana ƙuna, ki dogara gare shi, ki faɗa masa, ki kuma faɗa wa wanda ya aiko miki. Ku kuma, in kun gaishe da mutum ran Lahadi, don Allah ku zauna ku sake tambayarsa. Amin.