Sunana Barau, Ba Ɓarawo Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa. Tsoho Barau ne daga unguwar Gangare a Jos, maƙwabcina ke rubuta mini.

Mahaifiyata ta binne 'ya'ya huɗu a barikin kuza kafin ta haife ni, ta ce, "Allah, bar mini wannan." Asalin sunan ke nan, yau da wuya ka ji shi a Jos.

Ɗana ya yi mini takwara, sai 'yan makaranta suka riƙa kiran jikana Ɓarawo. Uban ya canja masa suna, wai, "Baba, zamani ne." Wata uku ban taka gidansu ba. Jiya na hango yaron a layinmu, na kira Barau, bai waiga ba.

Jama'a, in haƙura ne? Addu'ar uwata fa suka goge.