Ƙulli Uku a Hannun Lusiya

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa.

Ni ce Saratu, uwar Ishaku. Kun san matarsa Lusiya, 'yar Brazil, wadda ya haɗu da ita a wani shago a titin High Point Road, nan Amurka. Tun zuwanta akwai wani siririn ƙyalle ɗaure a hannunta, ƙulli uku. Uwarta ce ta ɗaura mata a ƙofar wata tsohuwar majami'a da za ta taso Amurka. A al'adarsu kowane ƙulli roƙo ne, kuma ba a yankewa, sai ya tsinke da kansa. Ƙulli na uku na haihuwa ne.

Ni dai laya na gani. Amma yarinyar ta riga ta yi ɓari, ina na ga bakin magana?

Da ta sake samun ciki, faston sabuwar ikilisiyar 'yan ƙasarsu ya ce abin aljanu ne, ta yanke. Uwarta kuma ta bugo waya tana kuka, wai in aka yanke jaririn ba zai rayu ba. Lusiya ta daina cin abinci.

Ranar naƙuda likita ya ce sai tiyata, yanzu-yanzu, a cire komai daga hannu. Ta ƙanƙame hannun a ƙirji.

"Mama, ba zan iya ba!"

Wayyo Allah! Ishaku yana can nesa kan hanya da babbar motar da yake tuƙawa. Turancina bai taka kara ya karya ba, yarensu kuwa ko sannu ban sani ba. In na ce yanke, ɗan ya mutu fa? In na ce bari, me zan gaya wa Ubangijina? Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba.

Na durƙusa a gefen gadon. Na ce, "Yesu, ban san komai ba. Ga su nan."

Ban tashi ba wata nas ta shigo. Ta dubi hannun, ta yi magana da likita, ta yago filasta ta rufe ƙyallen. Suka tura gadon.

Ga jikata Alheri can goye a bayan uwarta. Halleluya!

Faston ya daina gaishe su. Ƙyallen yana nan har yau, ni ma ban sami amsar a yanke ko a bari ba. Na gode wa Yesu da bai jira amsata ba. Ku dogara gare shi.