Ɗurar da Na Yi wa Alheri

Iyayena da 'yan'uwana, salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku. Ku ce amin da ƙarfi.

Ni ce Rifkatu, Maman Alheri. Ina ɗinkin bakin buhu a wani kamfani a Sharada, maigidana Bulus kuma yana kamfanin fata a Challawa. 'Yan Zumuntar Mata ta cocin nan kun san ni, kun kuma san bakina. Yau ba faɗa na zo yi ba.

Alheri ta zo duniya lafiya lau. Tana shekara ɗaya da rabi tana cewa "Mama", tana bin bango. Sai abin ya fara komawa baya. Maganar ta ɗauke. Hannun da ke riƙe cokali ya daina, sai murza shi take yi da ɗayan kamar mai wanki, safe har yamma. Mun je gida, aka ce iska ce. Mun yi azumi, an shafa mai. Daga ƙarshe likitan ƙwaƙwalwa ya zaunar da mu ya ce ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ba shi da magani sai kulawa. Sau uku Bulus yana maimaita tambayar, amsar ba ta canja ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Da ta kai shekara bakwai, haɗiya ta zama yaƙi. Yarinya tana ramewa a gabana, ga ƙofar kamfani ƙarfe bakwai ake rufewa, wanda ya makara ya koma gida. Bulus yana aikin yamma, shi ke zama da ita da safe, amma tsoron ba ta abinci yake ji. To me zan yi? Na yi abin da uwata ta yi mana muna jarirai. In kwantar da ita a cinya, in tara tafin hannu a bakinta, in zuba kunu, in toshe hanci. Ɗura dai. In ta ƙware tana tari, sai in ce kunun ya yi kauri, gobe in ƙara ruwa. Har ya koma tsululu.

Sau uku a shekara ɗaya ana kwantar da mu da nimoniya, wato ciwon huhu. Sau uku!

A kwanciya ta ukun ne wata dattijuwa ta tsaya bakin gadonmu, ta ce sunanta Hajiya Umma daga Dorayi. Ta ce su iyaye ne 'yan sa-kai, suna zagaya gidajen da ke da yara masu irin wannan lalura. Na dube ta sama da ƙasa na ce, "Hajiya, hoto za ku ɗauka ku je ku nuna? 'Yata ba abin kallo ba ce." Ta yi murmushi ta wuce. Ashe Bulus ya bi ta waje ya yi mata kwatancen gidanmu a Zawaciki.

Bayan an sallame mu, tarin bai tafi ba. Wata Juma'a da rana, abokan aiki sun tafi masallaci, an kashe injuna, na zauna bayan tulin buhuna. Zan faɗi gaskiya a gaban Allah da ikilisiya. Na ce, "Ubangiji, in ba za ka warkar da ita ba, ka ɗauke ta. Na gaji." Uwa ce ta faɗi haka, ni ɗin nan! Da na ji abin da bakina ya furta, sai kuka ya ƙwace mini. Na durƙusa na ce, "Yesu, ka gafarta mini. Ban ma san abin da zan roƙa ba kuma. Kai ka duba."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Aka tayar da injuna na koma ɗinki.

Washegari Asabar ina tsakiyar ɗura sai na ji sallama. Kafin in amsa, Hajiya Umma ta shigo, tana ganin abin da nake yi ta yar da jakarta.

"Innalillahi! Tsaya, 'yar nan, tsaya!"

Na ce, "Hajiya, haka uwata ta ciyar da mu bakwai, ba wanda ya mutu."

Ta zauna a ƙasa kusa da ni ta ce, "Ni ma haka na yi wa Sadiƙuna. Ku bakwai maƙogwaronku lafiya yake, nata ba ya rufe hanyar numfashi da sauri. Abu mai ruwa-ruwa kafin ta haɗiye ya gangara huhu. Ni ba wanda ya gaya mini sai da na binne shi."

Wayyo Allah! Kofin ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Ashe ni ce? Ni nake zuba mata ciwon da hannuna?"

Ta ce, "Rashin sani ya fi dare duhu. Ki yi kukanki, amma ki tashi ki ba ni babban baho, yarinya yunwa take ji."

Ta jera matashi da zannuwa a cikin bahon, ta zaunar da Alheri tsaye cak, haɓarta ta ɗan sunkuyo. Ta dama kunu mai kauri, ta murje ayaba a ciki. Rabin ƙaramin cokali, sai ta jira. Ta ce in zuba ido a wuyan yarinyar, kada in ƙara sai na ga ya motsa. Cokali goma sha ɗaya Alheri ta ci ran nan, tari sau ɗaya tak.

Mako na gaba Hajiya ta zo da wata nas cikin ƙungiyarsu, nas ɗin ta duba Alheri, ta raka mu wurin likita. Wani kafinta a cikinsu ya ƙera mata kujera. Da na ce wannan ciyarwa ba za ta yiwu da ƙofar ƙarfe bakwai ba, mata biyu suka raba ranaku, suna zuwa da sassafe su karɓe ni. Ko ruwan gidana sai na matsa suke sha.

Kada in yi muku ƙarya, Alheri ba ta warke ba. Ba ta magana, ba ta tafiya, farfaɗiya tana zuwa. Likita ya ce wata rana mai yiwuwa sai an sa mata robar abinci. Akwai ranar da nake kallonta in rasa ta inda zan kama. Amma wata takwas ke nan ba mu kwana asibiti ba, kuma Ubangiji ya cire waccan addu'ar daga bakina. Halleluya!

'Yan'uwa, in kuna da irin wannan a gida, kada ku rufe ƙofa kamar yadda na so in yi. Ku dogara ga Yesu, ko bai amsa yadda kuka tsara ba. Wanda kuma zai iya ba da awa biyu a mako ya same ni bayan sujada, akwai gidajen masu irin wannan lalura da ba wanda ya taka tukuna.

Baba Fasto, na ga kun dube ni da na shigo ana tsakiyar wa'azi. Ku yi haƙuri. Alheri ce take karin kumallo, awa ɗaya cur muka yi, ta cinye tas ba ta ƙware ba. Na gode wa Yesu. Ku taya ni cewa amin.