Kocin da 'yan Sudan ke ji

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Sani direba, golan ƙungiyar ƙwallon 'yan Najeriya a unguwar Al-Naseem, Riyad.

Kocinmu ya koma gida, wai za a ɗora Anas, matashin da ke horar da 'yan gabanmu. A nan aka haife shi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ranar Juma'a aka gwada shi a wasanmu da 'yan Sudan. Ya tsaya bakin fili yana ta ba da umarni da Larabci. Kafin namu su gane, 'yan Sudan sun tare hanya. Ƙwallo shida na ɗauko daga raga! Da na yi magana, ya ce, "Malesh, baba," wato in yi haƙuri.

Jama'a, ku ba mu shawara. Ni dai na ce 'yan Sudan su ɗauke shi, tunda su ke jin maganarsa.